Barkono a Kwanon Baƙuwa

Ranar da Melati ta fara ganin Hairul jiƙe yake sharkaf, ya dawo daga kai baƙi kallon mikiya a kogin Kilim. Ya zauna a rumfarta ta bakin gaɓa inda take sayar da laksa, wato taliya mai romo, ya ce a zuba masa kwano ɗaya, ya ƙare da cin uku don kawai kada ya tashi.

Soyayya ta ƙullu. Sai dai mahaifinta, Pak Daud, ya ce bai ga miji a wanda yake wuni riƙe hannun matan Turawa yana saka su kwale-kwale ba. A gabansa takan kare Hairul, amma a ranta ta fi uban jin zafin abin, don Melati akwai kishi kamar me.

Ana haka sai ga wata doguwa mai baƙin gilashi daga Kuala Lumpur. Hairul ya kai ta kogon jemagu, ya riƙe mata jaka, har kunnensa ta ja suna dariya. Melati na hangensu, zuciyarta na tafasa. Ta tura masa saƙo da sunan da take kiransa, Abang, wato yaya:

"Abang, wace ce mai gilashin nan?"

"Babbar baƙuwa ce, sayang, masoyiyata. Idan ta zo ki kula min da ita."

"To. Zan kula da ita sosai."

Ta kuwa zo. Melati ta gabza mata barkono a romo, ta dangwara mata kwanon.

"Ƙanwata, kina da saurayi?" matar ta tambaya.

"Ina da shi. Mai jirgin da kike ta liƙe wa."

Matar ta cinye tas, hawaye na zuba, ta yi godiya ta tafi.

Washegari da hantsi aka kira Melati gida, wai dangin Hairul sun zo merisik, ganin yarinya kafin neman aure. Tana shigowa da farantin shayi ta ga mai gilashi zaune a tsakiya. Ashe Kak Rosnah ce, yayar da ta raini Hairul, wadda ba ya tsallake maganarta.  Melati ta san ta rasa shi, kuma da hannunta.

Pak Daud ya maimaita maganarsa ta matan Turawa. Kak Rosnah ta yi gyaran murya, muryar duk ta dushe.

"Pak, kwantar da hankalinka. Muddin wannan yarinyar tana bakin gaɓa, ba macen da za ta raɓi ƙanena ta kwana lafiya. Ni da muke ciki ɗaya ma, kwana na yi ina shan ruwan kwakwa."

Dariya ta ƙwace wa Pak Daud har da tari. Melati ta durƙusa ta sumbaci hannun Kak Rosnah tana kuka.

"Kak, ki yafe min."

"Na yafe. Miƙo yatsan." Ta zura mata zoben baiko.

Ranar biki aka zaunar da su a kan karaga, dattawa na yayyafa musu ruwan wardi da shinkafa. Hairul ya sunkuyo ya raɗa mata, "Sayang, jibi fa ina da baƙi, mata zalla."

Tana yi wa jama'a murmushi ta ce, "Na sani. Kujerar gaba ta jirgin tawa ce."

Pak Daud ya ɗaga hannu ya ce: "Allah Ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma Hairul, Allah Ya ba ka haƙuri."

Duk gidan aka amsa da amin.