Foldar Yaya

Da Sufeto ya iso gidan, ya tarar da Hedimasta zaune gaban kwamfuta da rigar barci, rana kuwa ta yi sama. Shayin da ke gefensa ya huce har ya yi yana.

"Sun kwashe ta, Sufeto," in ji shi, ko sallama bai amsa ba. "Duba."

Foldar tana nan da sunanta, amma cikinta wayam. Nan ne bidiyon marigayiya suke, matar Hedimasta, yayar Sufeto da suke ciki ɗaya. Sakatariya ce, mai son na'ura kamar me, ko tukunya ta ɗora sai ta ɗauka. Tun rasuwarta bara, a foldar nan kaɗai ake jin muryarta. Sufeto ma yakan fake da gaisuwa ya zo ya ji dariyar Yaya.

"Yaushe ka gan su na ƙarshe?"

"Jiya da safe, kafin Babba ya kai ni asibiti a duba ni. Da muka dawo na kwanta. Yau na buɗe, ka ga abin da na gani. Mai gyaran kwamfuta ya ce 'yan kutse ne daga waje."

Mai gyaran yana tsaye a bakin ƙofa, yana share gumi. Ya matso da sauri ya buɗo rajistar katangar tsaro, wato inda kwamfuta ke rubuta duk wanda ya nemi shigowa da abin da ta yi masa. Jajayen layuka ne reras, kowanne yana cewa an toshe.

"Ka gani, yallaɓai? Hari ne ba ƙaƙƙautawa!"

"An toshe, ko an bari?"

"An toshe."

"To wanda aka toshe, yaya aka yi ya yi sata?"

Mai gyara ya sosa ƙeya. Sufeto ya daɗe a sashen laifukan kwamfuta, ya san jan layi yana tsorata mutane a banza. Kowace kwamfuta ana ƙwanƙwasa mata ƙofa ba dare ba rana, katanga tana kora tana rubutawa. Abin da ke tayar masa da hankali shi ne inda rajista ta yi shiru.

"Kai yaushe rabonka da gidan nan?"

"Tun kafin rasuwa. Yau ne aka kira ni."

"Ka san kalmar sirrin kwamfutar?"

"Wallahi sai da Baba ya buga min ita ɗazu."

Hedimasta ya gyaɗa kai, Sufeto ya sallami mai gyara. Ya ja kujera ya bi rajistar jiya layi-layi. Can wajen hantsi ya samu abin da yake nema: rubutu ya tsaya cak na ɗan lokaci. An kashe katangar, kuma daga kan kujerar nan ake kashe ta. Manhajar tsaron gidan irin wadda ke kunna kanta ce idan lokacin da aka ɗiba ya cika. Da ta dawo aiki, sai ga jajayen layuka a jere, duka daga lamba ɗaya. Wannan lambar ba ta waje ba ce, ta wata na'ura ce a cikin gidan.

Ya kira Babba, ɗan farin gidan, zuwa baranda.

"Jiya da hantsi kana ina?"

"Kan bencin asibiti, Kawu, ina riƙe da takalman Baba. Ka tambaye shi."

"Kana son bidiyon nan?"

Babba ya sunkuyar da kai. "Ni ko kallonsu ba na iyawa. Amma ba zan taɓa su ba. Ƙanwata ce ma kullum suke faɗa da Baba a kansu, wai ya daina cin abinci."

Ƙanwar tasa nas ce. Ta fito daga kicin da tire a hannu, ta ce ita jiya tana aikin safe, kwamfutar Baba kuma ba ruwanta da ita. Ta faɗa da sauri, kamar yadda take yin komai tun tana rarrafe.

Sufeto ya koma ciki ya buɗe shafin akwatin intanet ɗin gidan, inda ake ganin kowace lamba da na'urar da ke riƙe da ita. A nan ne hawaye suka kusa kunyata shi. Ashe Yaya ce ta saita akwatin, kuma ta bi na'urorin gidan ɗaya bayan ɗaya ta laƙaba musu suna. Kwamfutar mijinta, Sarkin Mantuwa. Wayar Babba, Sarkin Barci. Har tasa wayar tana ciki, Auta Mai Ƙaton Kai. Ba wanda ya taɓa buɗe shafin nan, ba wanda ya san tana can tana tsokanarsu ita kaɗai.

Ya dubi lambar da katanga ta yi ta korewa. Sunan da ke gabanta, Uwar Gaggawa.

Ya tara su a falo, ya yi magana a hankali.

"Ba ɗan kutse. Wanda ya yi wannan ya san kalmar sirri, ya san lokacin da gidan ba kowa. Ya kashe katanga, ya haɗa laftof ɗinsa, ya fara kwashe bidiyon. 'Yata, ɗauko laftof ɗinki."

"Kawu, na ce maka ina wajen aiki."

"In kira shugabarku ta asibiti in tambaya?"

Ya juya mata allon ta ga sunan da uwarta ke kiranta da shi. Tiren ya suɓuce daga hannunta, ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ka yafe min. Kullum kana gaban allon nan, ba ci ba sha. Wandonka ma ba ya zama a ƙugunka. Ni nas ce, na san inda wannan hanyar take kaiwa. Na rasa Mama, ba zan tsaya ina kallo in rasa ka ba. Ɓoyewa kawai na yi, in ka warware in dawo maka da su. Suna nan, wallahi duk suna nan!"

Ta ruga ta ɗauko laftof ɗin ta buɗe. Foldar tana nan, sunayen bidiyon a jere. Ta danna ɗaya, ya ƙi buɗewa. Ta danna wani, shi ma haka.

Sufeto ya so a ce wani ne zai faɗi sauran, amma ba kowa sai shi.

"Lokacin da kike kwafa, wani jan saƙo ya fito?"

"Kullum ai yana fitowa. Na rufe shi, ina sauri kada su dawo."

"Wannan ba irin na kullum ba ne. Katangar ce ta kunna kanta, ta ɗauke ki baƙuwa, ta yanke hanyar. Sunaye ne suka haye, bidiyon ba su haye ba. Kika ga sunaye, kika koma kika goge na asalin. Irin faifan da ke kwamfutar nan kuma, abin da aka goge ya tafi. Na gwada tun ɗazu."

Nas ta ɗora hannu biyu a ka, kukan ma ya ƙi fita.

Sufeto ya bi jerin har ya samu guda ɗaya mai nauyi, na farkon da ya samu hayewa. Ya danna. Silin ɗin falon ne kawai ya bayyana, da fanka tana juyawa, ranar da Yaya ke gwada sabuwar waya. Sai muryarta: "Wai ya kama kuwa? Ke, zo ki duba min. A hankali dai, kar ki faɗi!" Ta yi dariya, bidiyon ya ƙare.

Hedimasta ya daɗe yana kallon allon.

"Ko fuskarta babu," in ji shi.

Ya miƙa hannu ya kamo 'yarsa daga ƙasa, ya zaunar da ita kusa da shi. Bai dube ta ba, amma bai saki hannun ba.

"Sake sa mana."

Ta miƙa ɗaya hannun, ta kasa dannawa. Sufeto ne ya danna.