Gaisuwa a Rumfar Busasshen Kifi

Moyna na durƙushe tana shirya kayan surukarta a akwati lokacin da Ferdousi Begum ta shigo ɗakin ta turo ƙofa. Tun daga yadda ta gyara zaman tabarau Moyna ta san akwai magana.

"Kin san da Dilruba Chowdhury za mu yi tafiyar nan. Ɗanta ne zai auri Lubna, kuma matar nan har kakan kakan mutum take bincike. Na gaya mata mahaifinki babban ɗan kasuwa ne mai fitar da kifi ƙasashen waje. To, in mun isa Cox's Bazar, ban yarda ki taka unguwarku ba."

"Ammu," in ji Moyna, sunan da ake kiran uwa da shi a gidan, "rabona da Abba tun bikinmu. Ko gaishe shi kawai in..."

"Na ce ban yarda ba! Na haƙura ɗana ya auro 'yar mai shanyar kifi, shi ne kuma za ki haɗa da kashe wa 'yata aure?"

Moyna ta sunkuyar da kai. Da kuɗin kifin nan da ake ƙyama mahaifinta Abdus Sobhan ya tura ta jami'a a Chattogram, inda ta haɗu da Towhid. Da ta gaya wa mijin nata yadda suka yi, sai ya hau sosa ƙeya.

"Ki yi haƙuri, Moyna. A ɗaura auren Lubna tukuna, ni da kaina zan kai ki."

Towhid yana son matarsa, wannan ba wanda zai musa. Sai dai a gaban uwarsa ruwa ne shi, duk mazubin da aka zuba shi nan yake zama.

Garin ya cika maƙil da 'yan hutu. Suka kama kujerun kishingiɗa ƙarƙashin manyan lemomi a bakin teku, Lubna na ta hoto da waya igiyar ruwa na dukan ƙafafunta, iyaye matan biyu na tsotsar ruwan kwakwa suna yabon juna irin yabon da bai wuce fatar baki ba. Kowa na hutawa ban da Moyna. Duk sa'ad da iska ta kaɗo daga arewa, sai ta ji kamar ƙamshin gidansu ne ke kiran ta, alhali tafiyar keken haya ce kawai tsakaninta da mahaifinta.

Ana gobe za su koma Dhaka suka shiga kasuwar Bama, wadda 'yan hutu ke zuwa a garin, sayen tsaraba. Wa zai dawo daga teku hannu rabbana? Dangi sai su cinye shi da gori. Suka jidi mayafai, da magarya mai yaji a leda, da sarƙoƙin wuri. Towhid da Lubna suka tsaya wurin mai zana suna a jikin ƙwanson koɗi, Lubna na so a rubuta sunanta da na saurayinta. Dilruba ta toshe hanci da gefen sarinta, dogon zanen da ta naɗa ta yafa, ta ce, "Maigidana ba zai bar ni in shiga gida ba busasshen kifi ba. Zo, Moyna, ai ke 'yar masu harkar ce, ki zaɓa min."

Moyna ta bi su. Ai Abba yana can wurin shanya, me zai kawo shi kasuwa?

Rumfa ta uku suka shiga. Dogayen kifaye na rataye reras, wani tsoho cikin koɗaɗɗen zanen lungi ya juya baya yana kwance buhu. Ya kawo kaya ne, mai rumfar ya bar masa jira ya tafi sallah. Da ya juyo, ledar hannun Moyna ta suɓuce.

Abba ne. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Fuskarsa ta washe, bakinsa ya buɗe zai ce "uwata" kamar yadda ya saba kiran ta, sai idonsa ya sauka kan Ferdousi Begum. Ta ƙura masa ido ta girgiza kai kaɗan, yatsunta kuma suka nutse a damtsen Moyna. Tsohon ya fahimta. Ya haɗiye kalmar, ya mayar da idonsa ƙasa.

"Madam, wane iri za a ba ku?"

Madam! Mutumin da ya goya ta a kafaɗa, yau shi ke ce mata madam. A garinsu, ɗan da ya daɗe bai ga mahaifi ba durƙusawa yake ya taɓa ƙafafunsa ya shafa a ƙirji, ko da a tsakiyar titi ne. Gwiwoyin Moyna suka soma lanƙwasawa da kansu, surukarta ta ƙara matse ta.

Dilruba ta ɗaga wani kifi da ɗan yatsa. "Kai tsoho, faɗi gaskiya, kun fesa masa maganin ƙwari ko? Na san halinku, ba ku da tsoron Allah."

"Rana da gishiri kawai ya sha, Madam."

"Haka kuke cewa dukanku! Matsa can, ƙarninka ya fi na kifin. Moyna, duba min, kada ya cuce mu."

Moyna ta karɓi kifin. Ta san wannan ɗaurin zaren, ita ya koya wa tun tana ƙarama. Hawaye suka zubo mata shar.

"Lafiya? Kukan me kike?" in ji Dilruba.

"Ƙarnin ne," in ji Ferdousi Begum da sauri. "Ba ta saba ba."

Daidai nan Towhid ya shigo da Lubna, suna dariya da ƙwanson koɗinsu. Dariyar ta yanke. Ya dubi tsohon, ya dubi matarsa da ke kuka ba sauti, ya dubi yatsun uwarsa a damtsenta. Uwar ta yi masa kallon nan da ya sani tun yana yaro. Abdus Sobhan kuwa, don ya rufa wa kowa asiri, sai ya ce, "Sannu da zuwa, yallaɓai. Me za a ba ka?"

Wannan "yallaɓai" ce ta karya Towhid. Kunya ta lulluɓe shi, kunyar kansa. Ya miƙa wa Lubna ledojin hannunsa, ya tako cikin gishiri da ɓawon kifi da farin wandonsa, ya durƙusa gaban tsohon ya kama ƙafafun nan masu faso da hannu biyu.

"Assalamu alaikum, Abba. Ka yafe min."

"Towhid!" Ferdousi Begum ta daka tsawa.

"A'a, a'a, jamai, tashi! Za ka ɓata kayanka!" Tsohon na ƙoƙarin ɗaga surukin nasa. Moyna ta fizge hannunta ta zube kusa da mijinta, ta rungume ƙafafun mahaifinta tana kuka mai ƙarfi. "Uwata, uwata," kawai yake faɗi yana shafa kanta.

Dilruba ta sauke sarin daga hancinta. "Wannan ne mai fitar da kifi ƙasashen waje? Ferdousi, da irin wannan gidan kike so in haɗa jini? Allah ya kiyaye!" Ta yar da kifin ta fice, ko tsarabarta ba ta waiwaya ba.

Ferdousi Begum ta juyo kan Moyna. "Hankalinki ya kwanta? Kin kashe auren! Minti nawa ne da ba za ki iya daurewa ba?"

"Ta daure, Ammu, ni na durƙusa," in ji Towhid, karo na farko yana kallon uwarsa ido cikin ido.

Lubna tana tsaye riƙe da ƙwanson da aka zana sunaye biyu a kai, hawaye na bin kuncinta, don tana son yaron. Ta goge fuska ta ce, "Ammu, in tambaye ki. Da an kai ni gidan matar nan, wata rana ta riƙe min hannu a kasuwa ta ce in wuce ki kamar ban san ki ba, ki kira ni madam, za ki so?"

Ferdousi Begum ta dubi 'yarta, sannan ta dubi tsohon da ya yarda a zage shi a gaban tasa 'yar don kada aurenta ya girgiza. Ita da ke ganin ta fi kowa son ɗa, yau ta ga wanda ya fi ta.

A hankali ta ja sarinta ta rufe kai, ta matso.

"Beyai," ta ce, sunan da iyayen ma'aurata ke kiran juna, wanda ba ta taɓa furta masa ba. "Assalamu alaikum. Mun zo garinku ba mu gaishe ku ba. Laifina ne."

Tsohon ya rasa inda zai sa kansa. Ya goge kujera da gefen lungi. "Zauna, zauna! Gobe dai sai kun ci abinci a gidana, ba a taɓa barin jamai ya bar gari da yunwa ba."

Sun ci kuwa, shinkafa da dakakken busasshen kifi mai barkono, a kan tabarma, har Ferdousi Begum na neman ƙari tana share gumi. Auren Lubna da ɗan Chowdhury bai yiwu ba, ta yi kukanta ta gama, kuma ba ta taɓa ɗora wa matar yayanta laifi ba. Moyna ta koma Dhaka da ƙullin kifi a saman akwati, ba a ɓoye a ƙasa ba.

Haƙuri Moyna ta yi har Allah ya buɗe bakin waɗanda za su yi magana dominta. Kuma duk wanda ya ce ka ɓoye iyayenka kafin ya mutunta ka, ba kai yake mutuntawa ba.