Ruwan Zafi a Layi na Arba'in

Ranar wata Talata ce cikin bazara aka ce mu koma wankin gilashi da rana tsaka. Mun riga mun gama na asuba, har wasu sun ɗaura kallabi za su kama hanyar gida. Sai wani ɗan yayyafi ya sauko da hantsi, irin wanda ba ya jiƙa ƙasa, sai dai ya bar wa gilashi ɗige-ɗigen laka. Ga shi manyan baƙi za su iso daga Yamai da ƙarfe biyu, su ga filin da ake tatsar kuran, wato wutar lantarki, daga rana.

Sunana Zuliha. Ina cikin mata goma sha biyu da ke wanke panno, gilasan nan masu kama hasken rana, a wannan fili, tsakanin Damagaram da garinmu ta wajen Guna. Panno dubu nawa ne ban sani ba, layi-layi har inda ido ya gaji, suna bin rana da fuska tun fitowarta har faɗuwarta.

Wanda ya ba da umarnin shi ne Shef Mansur. Ɗan Birnin Damagaram ne, ya yi lakkwal, wato karatun boko, shekara uku a Yamai, ya dawo Hausa ta yi masa nauyi a baki. Farar hular kwano a ka, turare kamar an yi ɓarinsa, ga tafiya yana ɗaga ƙafa don kada ƙasarmu ta taɓa masa takalmi. Mu yake kira ƙauyawa, alhali kakarsa har gobe ƙuli-ƙuli take sayarwa a bakin kasuwa. Ban taɓa ganin mutum mai ƙaramin sani da babban baki irinsa ba, kuma ban taɓa ɓoye wa raina cewa na raina shi ba.

Filin nan da gonakinmu ne, da gawo da tsamiya uku manya. Katafila ta kwashe su kaf. Ba a bar inuwa ko ta tsuntsu ba, sai wadda ke ƙarƙashin panno. Inna Hajara, babbarmu a wurin aiki, ta ce mana tun ranar farko mutanen ɓoye da ke cikin tsamiyoyin ba su tafi ko'ina ba, inuwar da ta rage suka koma. Shi ya sa duk wadda za ta buɗe famfo sai ta faɗi abin da iyayenmu ke faɗa in za su zubar da ruwan zafi a bayan ɗaki: bismillahi, ku gafara, ku janye 'ya'yanku.

Mansur ya ji mu sau ɗaya, ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga nan ya kafa doka, duk wadda ya sake jin tana wannan surkulle ta ajiye aiki. Sai muka koma faɗa a ƙasan maƙoshi. Doka ta biyu kuwa, ba a shigo da yaro. Ni kuma ina da Shatu, 'yar wata bakwai, ubanta ya tafi Agadas ya yi shiru, ba ni da mai riƙe mini ita. Cikin zane nake shigo da ita, in shimfiɗar da ita a inuwar layi na arba'in inda ba kowa ke zuwa ba. Aikin nan shi ne tuwonmu ni da ita.

Tiyon da muke wanki da shi baƙi ne, dogo, tun safe yana kwance cikin rana. Ruwan da ya kwanta a cikinsa zai dafa ƙwai. Inna Hajara ta gaya masa haka da ladabi, ta ƙara da cewa ko Turawan da suka kafa wurin ba su yarda a jiƙa gilashi da rana tsaka ba. Ya ce ita da ba ta san harafi ɗaya ba za ta koya masa aikinsa? Ya fizge tiyon daga hannunta, wai bari ya nuna mana yadda masu ilimi ke yi. Ya ja shi har bakin layi na talatin da tara.

Taku goma ya rage tsakaninsa da Shatu.

Ni ce a bakin famfo. Ya juyo ya ce in buɗe. Kalmomin sun zo har kan harshena, amma idonsa na kan bakina, yana jira in motsa leɓe. In na yi jinkiri kuma zai ƙara gaba, ya gan ta. Na haɗiye su. Na murɗa famfon.

Don kada ruwan farko ya fasa masa gilashi a gaban baƙi, sai gwanin ya karkata bakin tiyon ƙasa, ya feshe inuwar.

Tururi ya tashi. Sai ƙara.

Ƙarar jariri ce, siririya, ta shiga kunne ta tsaya a haƙori. Akwatunan ƙarfen da ke tara wutar filin, masu gurnani dare da rana, suka yi tsit gaba ɗaya. Ba iska. Ba tsuntsu. Ɗigar ruwa kawai nake ji daga bakin tiyo.

Na zuba da gudu ta bayan layin. Yashi na ƙona mini tafin ƙafa, ban san inda takalmana suka faɗi ba. Wani wari ya tare ni, na jiƙaƙƙiyar tsamiya haɗe da ƙaurin fata.

Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin layi na arba'in.

Wata mace na zaune a kan zanena. Doguwa ce ƙwarai, har ta lanƙwasa wuya don kanta ya samu wuri a ƙarƙashin gilashin. Gashinta ya sauko ya kwanta a yashi. Ban yarda na kalli ƙafafunta ba.

Yara biyu ne a cinyarta. A dama Shatu, ido biyu, ba ta kuka. A hagu wani ɗan abu naɗe cikin ganye, tururi na fita daga jikinsa, fatar kafaɗarsa ta saɓule.

"Kullum kuna faɗa," ta ce. Muryar ba ta fi shigar iska ta kafar ƙofa ba. "Yau ba ku faɗa ba."

Na kai ido kan Shatu.

"Taki ce wannan? Ni ke kore mata ƙuda in kin tafi."

Ta ɗaga hannu a saman fuskar Shatu. Ruwa na taruwa a kan yatsunta. Ɗigo ɗaya ya faɗi kusa da kunnen yarinyar, yashin ya yi cuu.

"Wa ya zuba?"

Na nuna da hannu. Na ce Shef ne, shi ya riƙe tiyo, shi ya hana mu faɗa.

"Shi kaɗai?"

Wani ɗigon ya taru, yana lilo.

"Shi kaɗai," na ce.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta sauke Shatu a ƙasa a hankali, kamar mai ajiye ƙwarya cike da nono.

Na sure ta. Na ruga.

A bayana ƙarafuna suka fara kuka. Layi bayan layi, pannon suna juyawa, ba ta inda rana take ba.

Ban waiga ba. Inna Hajara ce ta gaya mini daga baya cewa duk gilasan da ke kewaye da shi sun fuskanto wuri ɗaya, hasken ya taru a kan Mansur har farar hularsa ta narke. Abin da na ji da kunnena shi ne ihunsa. Faransancin duk ya gudu, da Hausar kakarsa yake kiran uwarsa.

Baƙin ba su shigo ba. Masu kamfanin suka ce na'ura ce ta rikice, rana kuma ta buge shi. Mansur bai mutu ba. Fatarsa ta saluɓe daga goshi har ƙirji, idanun sun yi fari, yana nan zaune a zauren ubansa a Birni, an rufe tagogi da buhu. Ban ji tausayinsa ba ranar, ban kuma ji ba yau. Wanda aka kawo a madadinsa, kafin a buɗe famfo shi ke fara cewa a gafara, da ƙarfi, har da cire hula.

Ban bar aikin ba, don ciki bai san tsoro ba. Na dai roƙi a ba ni layukan bakin ƙofa, kuma maƙwabciyata Salamatu ta karɓi riƙon Shatu. Yarinya ta girma lafiya, ba tabo ko ɗaya a jikinta. Magana ce kawai ta ƙi zuwa. Ta cika shekara uku ko inna ba ta taɓa cewa ba, sai kallo.

Shekaranjiya da la'asar na sauke tukunyar ruwan zafi zan zubar a bayan ɗaki. Na yi bismilla, na ce a gafara, a janye yara. Shatu na zaune a bakin ƙofa. Ta ɗago kai, ta lanƙwasa wuya gefe guda, ta yi maganarta ta farko a duniya, da wannan murya mai kama da iska.

"Ke kika buɗe."

Na tsaya da tukunyar a hannu har ta huce. Salamatu ta ji ta bayan danga, ta aiko a gaya mini kada in ƙara kai mata yarinyar. Jiya kuma aka sake rabon layuka, na arba'in ya faɗo a kaina. Gobe da asuba zan fara, kuma ba ni da wanda zan bar wa Shatu.