Muryar da Baba Bai Gane Ba

An ɗaura auren Kunne da Shiru ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, wata goma sha huɗu bayan haɗuwarsu, mako shida bayan mahaifinta ya ce muddin yana numfashi ba za a yi ba. Abin da ya kusa wargaza auren wata 'yar na'ura ce da ba ta kai babban yatsa ba, kuma su biyun suna da hannu wajen haɗa ta.

A kamfani ɗaya suke aiki, hawa na uku, saman shagon tayoyi. Kamfanin na ƙera na'urar taimaka wa ji, irin wadda ake maƙalawa a bayan kunne, wadda kuma ke karɓar sauti daga waya ta bulutut. Shi ke rubuta manhajar da ke cikinta. Ita ke gwadawa. A taƙaice, aikinsa ya gyara, aikinta ta nuna masa bai gyaru ba.

Ranar da ta fara aiki, ta shiga ɗakin gwaji mai bangon soso, ta saka na'urar, ta rufe ido minti arba'in. Ta fito da takarda a hannu.

"Wa ya rubuta ɓangaren sauti?"

Aka nuna mata wani dogo a kusurwa, wayoyin lantarki sun kewaye shi kamar mai saƙa.

"Yana yankewa," ta ce. "Minti na bakwai, na sha tara, na talatin da uku. Kunnen hagu."

Ya ɗago ya dube ta, ya ɗan daɗe yana kallo, sannan ya motsa baki.

"Malam, ɗaga murya mana. Ba ta'aziyya na zo ba."

"Na ce kwamfuta ba ta nuna ba."

"Kwamfutar tana da kunne?"

Ya wuni yana tono. Washegari ya samu yankewar a wurare ukun da ta faɗa, kowace ba ta kai ƙiftawar ido ba. Tun ranar ofis ke kiranta Kunne. Shi dama Shiru ake ce masa.

Matsalar tsohuwa ce a sana'arsu. Waya tana aiko sauti gutsure-gutsure, na'urar ta tara kaɗan kafin ta saki a kunne. In ta tara da yawa, sauti ya makara, bakin mai magana ya riga muryarsa. In ta tara kaɗan, gutsure ɗaya ya ɓace a hanya, sai yankewa. Shiru ya shekara yana neman tsakiya. Kunne ta rubuta masa rahoton matsala ɗari biyu da goma sha huɗu. A wajen na tamanin ya fara ajiye mata shayi a ƙofar ɗakin gwaji. A na ɗari da ashirin ya turo saƙo.

"Akwai wata matsala da ban iya gyarawa ba. Duk ranar da ba ki zo aiki ba, ba na iya rubuta layi ɗaya."

Ta amsa: "An karɓi rahoto. Za a sake gwadawa kafin a tabbatar."

"Har yaushe?"

"Har ka iya faɗa da baki, in ji daga inda nake zaune."

Ya faɗa bayan kwana huɗu. Sai da ta sa ya maimaita, ba don ba ta ji ba.

Mahaifinta tsohon malamin lissafi ne. Shekara bakwai ke nan kunnensa ke raguwa, kuma bai taɓa yarda ba. A cewarsa, mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki. Talabijin ɗinsa har maƙwabta ke sauraro. A gidan, in kana da magana da Baba, ko ka yi ihu ko ka bi ta wajen Mama, wadda ta iya kallonsa ido cikin ido tana ware kalmomi. Sau uku Kunne na kawo masa zancen na'ura, sau uku yana cewa ta kai wa kurame.

Ranar da Shiru ya zo gaishe shi, minti ashirin suka yi a falo.

"Minti ashirin yana motsa baki," Baba ya gaya wa Mama. "Mutumin da ke magana a ciki, me yake ɓoyewa?"

Akwai kuma Mai Kemis, ɗan abokin Baba, wanda ya daɗe yana zagayen gidan. Tun daga bakin get ake jin sallamarsa.

"Wancan namiji ne," in ji Baba. "In ya yi magana ka san an yi magana."

Kunne ta gane abin da ke faruwa, ta kasa faɗa. Mai Kemis ne kaɗai baƙon da mahaifinta ke ji.

Dabarar ta Shiru ce. Ba za su ce masa kyauta ba ce, balle magani. Za su ce kamfani na neman mai lissafi da zai saka na'urar ya riƙa rubuta lokacin da ta yanke, minti da daƙiƙa. Da Mama ta isar da saƙon, Baba ya ce a samo masa littafi mai layi da jan biro.

Kafin na'ura ta bar kamfani, akwai matakai arba'in da mai gwaji ke bi. Na talatin da ɗaya shi ne a goge duk wayoyin da na'urar ta taɓa sani, domin tana riƙe su a kai, da zarar ta ji ɗaya a kusa sai ta kama ta. Wata guda Shiru na gwada wannan na'urar da wayarsa, bai goge ba, ya dogara da ita. Ita kuma Manaja ya kira ta taro tana mataki na talatin. Da ta dawo ta sa alamar an yi, ta ci gaba daga na talatin da biyu.

Ranar Laraba da yamma Shiru ya je ya saka wa Baba na'urar. Kunne na cikin bas a hanyar gida sa'ad da saƙonsa ya shigo.

"Kunnena, na yi ɓarna."

"Ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau. Ya ji agogon bango, har ya tambayi tun yaushe yake wannan ƙarar. Na fito na zauna a mota, gindin tagarsa. Na buɗe saƙon muryarki na safe. Ban ji komai ba. Na ɗauka lasifikar wayata ce, na sake kunnawa."

"Sau nawa?"

"Uku. Sannan na ga alamar bulutut a sama."

Ta san saƙon. Ita ta naɗa shi da safe a matakala, da ƙaramar murya: "Shiruna, tun ɗazu nake kallon ƙofa ko za ka shigo. Na ƙirga, sau tara. Ka gyara mini wannan: in ba ka nan, komai yankewa yake. Ka ci abinci, kada ka sa in zo in tsaya a kanka. Taka ce ni, ko ka ɗaga murya ko kada ka ɗaga."

Ta wuce tasharsu da biyu kafin ta tuna ta sauka.

Ta isa gida. Ta tarar Baba ya cire na'urar ya kulle a durowa, littafin na kan tebur, shafin farko babu ko layi ɗaya. Washegari Mama ta kawo hukunci: muddin yana numfashi, ba wannan yaron ba.

Kwana tara ba ta haɗa ido da mahaifinta ba. Tana gaishe shi daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa, ta fice. A ofis ta buɗe rahoto na ɗari biyu da goma sha biyar, ta rubuta sunanta a gurbin mai laifi. Shiru ya goge ya sa nasa. Ta mayar. Manaja ya ce in ba su daina ba zai sa sunan shagon tayoyi.

A kwanakin nan sau huɗu Mai Kemis ya zo. A zuwa na huɗu Baba ya raka shi har get.

Ranar ta goma, tana wanke kofuna a kicin, Mama ta shigo ta jingina da firiji.

"Ke ma dai ki haƙura. Gara da aka sani tun yanzu."

"Aka san me, Mama?"

"Au, ba ki sani ba? Babanki ya hana in gaya miki, wai kada ranki ya ɓaci. Yaron yana da wata. Da kunnensa ya ji ta, har sau uku, tana wani narkewa, wai ita tasa ce. Babanki ya leƙa taga ya gan shi a mota yana ta murmushi da waya."

Kunne ta ajiye kofin.

"Wata?"

"Wata mana. Ya ce muryarta kamar ta masu karanta labarai."

Ta daɗe tsaye, ruwa na zuba a famfo. Kwana tara tana jin kunyar abin da mahaifinta ya ji ta faɗa. Ashe bai san ita ba ce. Tun tana 'yar shekara goma sha tara rabon da ya ji muryarta ba da ihu ba.

Ta kira Shiru daga bayan gida.

"Ya ɗauka wata ce."

"To, a bar shi haka."

"Ka haukace? Za a ba Mai Kemis ni!"

"In na ce ke ce, na tona miki asiri a gaban mahaifinki. Kuma na gaya masa bai san muryar 'yarsa ba. Wanne zan fara yi masa?"

"Ba kai za ka faɗa ba."

"Kunne..."

"Ɗaga murya, ban ji ka ba," ta ce, ta kashe.

Ta tarar da Baba a falo, talabijin na ta tsawa. Ta rage sautin, abin da ba wanda ya taɓa yi. Ta durƙusa gefen kujerarsa, ta rubuta a shafin farko na littafinsa da jan biro: "Baba, saura gwaji ɗaya. Minti biyu. Don Allah."

Ya karanta, ya dube ta ta saman tabarau. Ya miƙa mata makullin durowa.

Wannan karon ta bi matakan duka. Ta goge wayar Shiru, ta haɗa na'urar da tata, ta maƙala wa Baba. Ya gyara ta kunnen hagu da kansa. Ta fita tsakar gida inda ba zai ga bakinta ba, ta buɗe makirufon wayar, ta yi magana da muryarta ta kullum.

"Baba, ina wuni. Ni ce."

Ta ci gaba.

"Ni ce ta ranar Laraba ma. Babu wata. Ni na tura masa, kuma ni na tsallake matakin da ya sa ka ji. Ka yi haƙuri, Baba. In faɗa ne, ni za ka yi wa."

Ta ƙirga daƙiƙa, kamar yadda ta saba a ɗakin gwaji. Ta kai arba'in da ɗaya kafin ta ji muryarsa, a hankali, irin yadda ba ta ji ya yi magana ba cikin shekaru.

"Sake cewa wani abu."

"Me zan ce, Baba?"

"Komai. Karanta mini jadawalin bakwai."

Ta fara. Bakwai sau ɗaya bakwai. Bakwai sau biyu sha huɗu. A bakwai sau takwas muryarta ta karye.

"Hamsin da shida," ya ce daga ciki. "Shigo."

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Ashe haka muryarki ta koma," ya ce. "Ni ta 'yar makaranta na riƙe."

Mama na bakin ƙofa, ta rufe baki da gyale.

"Wannan 'taka ce ni' ɗin kuma," ya ce yana mayar da tabarau, "a gidan nan kika koya?"

Kunne ta sunkuyar da kai. Mama ta juya kicin da sauri, kafaɗunta na rawa don dariya.

"Ki ce wa yaron ya zo. In ji abin da yake ta faɗa a ciki."

Shiru ya zo ranar Lahadi, ya bar wayarsa a mota, a kashe. Awa biyu suka yi. Baba ya tambaye shi iyayensa, da dalilin da ya sa sauti ke makara, ya kuma kama shi da kuskure ɗaya a lissafi. Mai Kemis ya sake zuwa sau ɗaya. Baba ya ce masa, "Yaro, me ya sa kake ihu?"

Kafin auren Shiru ya sauya manhajar. Yanzu na'urar ba ta karɓar kowace waya sai mai ita ya taɓa ta sau biyu. A ofis ana kiran gyaran da sunan Baba.

Ranar Asabar, bayan an watse, Baba ya kira su biyun falo. Ya ɗora hannu a kan 'yarsa.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ke, ki rage masa rahoto. Kai kuma, abin da ke ranka ka faɗa mata da baki, kada ka bari sai na'ura ta kawo."

"Amin, Baba," suka ce. Na Shiru ya fito sarai.

Sannan ya buɗe littafin, ya juya shi wajen surukinsa. Shafi goma sha ɗaya ya cika da jan biro. Layin ƙarshe na ranar ne: ƙarfe 11:06, kunnen hagu, daƙiƙa biyu, wayoyi sun yi yawa a ɗakin.

"Daidai lokacin da aka tambaye ka ko za ka riƙe ta amana," ya ce. "Ban ji amsarka ba."

Shiru ya maimaita. Baba ya gyaɗa kai, amma bai soke layin ba.

Ranar Litinin Kunne ta shigar da shi a matsayin rahoto na ɗari biyu da goma sha shida. Shiru ya gwada gyara uku. Har yanzu rahoton a buɗe yake.