'Yar Masu Ɗinkin Inuwa

"Auta! Ɗauke ƙafarki, kin taka inuwar mutane!"

Auta ta yi tsalle gefe tana dariya. Inuwoyi huɗu ne shanye a kan igiyar tsakar gida, suna kaɗawa alhali babu iska. Sana'ar iyayenta ke nan. Mayu ne su uku, Inna da Gwaggo da Iya, amma ba masu cin kurwa ba: idan baƙin ciki ya yaga inuwar mutum, su ke ɗinke ta. A ƙofar gida suka tsinci Auta tana jaririya, suka raine ta da faɗa da shagwaɓa. Yau ga shi mai gyaran agogon bakin titi, wanda take so kamar ranta, zai kawo mahaifiyarsa ta gan ta.

"Don Allah yau kaɗai ku yi kamar sauran mutane," in ji Auta tana cusa inuwoyin cikin akwati.

"Da can da me muke kama, tukwane?" in ji Iya.

Da rana tsaka baƙin suka iso. Uwar doguwa ce, fuska a ɗaure, inuwarta na jan ciki a bayanta, a yage tun daga ƙirji. Gwaggo kuwa shekara sittin tana wannan aiki, hannunta ya riga tunaninta. Ko gaisuwa ba a gama ba ta duƙa ta ɗauke inuwar kamar zane, ta ɗora a cinya ta hau ɗinki.

Matar ta dubi ƙasa. Tana tsaye cikin rana, ƙarƙashinta fayau babu komai. Gidan ya yi tsit, wani sanyi ya taso daga daɓe, cikin akwatin kuma wani abu ya fara ƙwanƙwasawa a hankali.

Matar ta ƙwalla ƙara, ta fizge inuwarta rabi a ɗinke.

Ɗanta ya ce, "Momi, sori, bari in yi miki bayani—"

"Rufe min baki! Ke yarinya, an ce tsintar ki aka yi. Faɗa da bakinki waɗannan ba iyayenki ba ne, ki biyo ni in ba ki ɗana. In kin ƙi, kin gama ganin sa!"

Auta ta kalli saurayin, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Sai Inna ta raɗa mata, "Faɗa mana, 'yar nan. Ba za mu ji haushi ba." Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

"Iyayena ne," ta ce, hawaye na zuba. "Duka ukun."

Wata huɗu Auta tana kuka a ɓoye, ba ta taɓa ɗora wa kowa laifi ba. Gwaggo ce ta kasa yafe wa kanta, hannunta ya kama rawa har allura ta gagare ta.

Wata safiya sai ga matar ita kaɗai, murya ƙasa-ƙasa.

"Shekara tara da rasuwar 'yata ban iya kallon hotonta ba. Tun ranar nan nakan kalla har in yi murmushi, sai kuma abin ya dawo ya danne ni. Ku ƙarasa mini."

Inna ta girgiza kai. "Ɗinkin da aka fara, mai shi ke ƙarasawa, ko 'yarta. Ga hannun Gwaggo kina gani. Allurar kuma ba ta zama a hannun bare."

Auta ba ta taɓa yarda ta taɓa allurar ba, don tsoron kada ta nuna mata ita ba 'yar gida ba ce. Ta miƙa hannu. Allurar ta mirgino da kanta daga cinyar Gwaggo, ta kwanta tsakanin yatsunta da ɗuminta. Auta ta ɗinke inuwar tsaf, Gwaggo na kuka tana gyara mata riƙo.

Matar ta ja dogon numfashi, ta share ido. Sannan ta juya ga tsofaffin nan uku ta durƙusa.

"Na zo nema wa ɗana 'yarku."

"To, za mu yi shawara," in ji Iya tana hura hanci. Inna ta make ta.

Da Auta ta musanta su ranar nan, da allurar ta ƙi ta, ta rasa gida, matar kuma ta mutu da ciwonta. Wanda ya raine ka shi ne naka, kada ka sayar da shi don soyayya. Ita dai ta yi haƙuri, ta samu miji, iyayenta kuma suka zama huɗu.