Wa Ya Makantar Da Kyamarar Hawa Na Huɗu?

Jama'ata, 'yan uwana masu kwana da waya a hannu, salamu alaikum. Ku ajiye shayin nan kada ya ƙone ku, yau na zo muku da ɗanyen labari daga unguwar Aziziyya ta Makka.

Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci, sai ihu ya tashi a hawa na huɗu na imarar Hamad, wani dogon bene da ake sauke masu Umra. Hajiya Sa'adiya 'yar Sakkwato ta dawo daga Harami ta tarar 'yar jakarta ta yi ƙafa, da gwal ɗin tsarabar jikokinta a ciki. Ba a ɓalle ƙofa ba. Aka duba kyamarar hawan, ashe ta makance daidai lokacin huɗuba.

Hamad bai ɓata lokaci ba. Maza duk sun tafi Juma'a, wa ya rage a gida da makullan ɗakuna? Ɗaso mai shara. Ɗaso kuwa ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. 'Yan sanda na zuwa, ko ta sata ko ba ta sata ba, jirgi ne zai kai ta gida, 'ya'yanta na can unguwar Misfala suna jiran tuwo.

"Khalas," in ji Hamad. "Ana kiran la'asar zan kira shurɗa." Wato 'yan sanda.

Nan Khalida ta shigo. Haifaffiyar Makka ce, jikar Kanawa, Hausarta da Larabci a cakuɗe kamar dafa-duka. Ita ke kula da intanet da kyamarorin imarar, kuma da manhajojin kyauta take yi, irin waɗanda kowa zai iya buɗe cikinsu ya gyara. Wata tsohuwar kwamfuta ta ɗora wa Linux, ta sa Zabbix yana gadi. Kowace na'ura a gidan ɗigo ce a allo: kore tana raye, ja ta mutu.

"Ammu Hamad, ba ni lokaci zuwa la'asar ɗin," in ji ta.

"Yalla, rana na gudu."

Ta kasa zama. A tsaye ta mayar da allon baya zuwa lokacin huɗuba. Sai ga abin mamaki: kafin kyamarar ta mutu, waifai na kicin ne ya fara yin ja, ya dawo kore. Bayan nan kyamarar hawa na huɗu ta yi ja, ta daɗe, ta dawo. Wato wani ya buɗe akwatin wayoyi na ƙarƙashin bene, ya zare wayar kicin, ya ga ba ita ba ce, ya mayar. Me ya haɗa ɓarawo da kicin?

Ta sami Ɗaso zaune kan bokiti, hannu a ka.

"Khala Ɗaso, kin taɓa akwatin nan na ƙarƙashin bene?"

"'Yata, ni da ke tsoron abin? Ko goge shi ba na yi, ƙiftawa yake kamar idon aljani."

"Lokacin huɗuba kina ina?"

"Ina kicin, ina magana da autana ta bidiyo. Har ma ya yanke mini, na zagi kamfanin waya har kakansu."

Yankewar ta yi daidai da allo. Mai riƙe da waya a kicin ba ita ke ƙarƙashin bene ba. Saura Mukhtaru mai gadi, wanda makullin akwatin ke rataye a ɗakinsa.

"Malam Mukhtaru, ina ka yi Juma'a?"

"Sahun farko, ranki ya daɗe. Tambayi ladan, ni na riƙe masa takalmi."

"Makullin fa?"

"Yana jikin ƙusa tare da na ajiyar ɗakuna tun zamanin Abdulilah. Kowa ya san wurinsa."

Zamanin Abdulilah! Khalida ta tsaya cak. Abdulilah ƙanin matar Hamad ne, shi ke riƙe da aikin nan kafin ita, aka karɓe saboda kullum intanet a kwance. Yanzu direban alhazai ne, amma har gobe "injiniya" yake kiran kansa. Kuma a tsohon tsarinsa, ramin farko na saka waya a akwatin shi ne na kyamarar hawa na huɗu. Watan jiya ta sake shiri ita kaɗai, ta ba kicin ramin farko, ta mayar da kyamarar can ƙarshe. Wayoyin duk shuɗaye ne, babu alama a jikinsu, tsarin yana cikin kwamfutarta.

Rana ta karkata. Hamad sai kai-kawo yake a bakin ƙofa, waya a hannu. Ta tara su gaban akwatin, har da Abdulilah, ta ɗora allonta kan kujera.

"Ya injiniya, ina ka yi Juma'a?"

"Harami mana. Daga can ma nake, ko imarar ban leƙo ba."

"Masha Allah. Tun da na karɓi aiki ka buɗe akwatin nan?"

"Ni? Me zan gani a aikin 'yan koyo?"

"To taimaka mini, Ammu bai gane yadda ake kashe kyamara ba. Zare masa ta hawa na huɗu ya gani."

Jama'a, kun san mai son a ce ya iya. Abdulilah ya naɗe hannun jallabiya, ya yi murmushi, ya miƙa hannu kai tsaye can ƙarshe ya zare. A allo, hawa na huɗu ya yi jajawur.

"Basiɗa!" in ji shi. "Abu mai sauƙi."

"Ƙwarai," in ji Khalida. "Sai dai a zamaninka ramin farko take. Ban faɗa wa kowa na sauya ba. Wa ya nuna maka sabon wurin?"

Abdulilah ya saki wayar ta faɗi ƙasa.

Ta juya ga Hamad. "Ɓarawon ya fara da ramin farko, don abin da ya sani ke nan. Ya duba manhajar kyamarori da ke wayarsa tun zamaninsa ya ga kyamara na nan da ido, ya laluba har ya samu. Ɗaso ba ta san tsohon tsari ba, Mukhtaru na masallaci. Kuma ga wannan." Ta nuna allo. "Tsohon waifai na ma'aikata ban kashe shi ba. Wayar da ta saba da shi tana shigowa gida take kamawa da kanta. Ga wata ta kama lokacin huɗuba, mai ita ya sa mata suna Almuhandis Abdulilah, wato Injiniya Abdulilah. Daga Harami take kamo waifai ɗinmu, ya injiniya?"

Mukhtaru ya tafi motar alhazai da makullin ajiya. Ƙarƙashin kujerar direba, cikin ledar dabino, ga jakar Hajiya Sa'adiya. Hajiya ta rungume ta tana "Wanga yaro, kai ka ɗauko ni daga hilin jirgi kana kirana umma!"

Daidai nan aka kira la'asar. Kowa ya kalli wayar Hamad. Sai ga ta tana sulalewa cikin aljihu a hankali.

"Abin gida ne," ya ce. "Ba sai shurɗa sun ji ba."

Ɗaso ta miƙe, ta ɗauki bokitinta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Allah sarki, Alhaji. Ashe wayar taka ma ta san wanda take kira wa 'yan sanda."

Ta wuce abinta, ba ta jira amsa ba. Hamad ya matso kusa da Khalida, ya rage murya.

"Ya binti, abin nan na allo, goge shi."

Khalida ta kalli allon, ta kalli bayan Ɗaso da ke hawa bene da bokiti. In ta goge, gobe wani abu ya ɓace, wa za a fara nunawa? In ta ƙi, wanda ya ba ta aikin ne ke tsaye a kanta.

To jama'ata, yatsanku ne a kan madannin, mai gida na jira. Ku da kun goge, ko kun bari? Ban da cika baki, na san wasunku ko kallon mai gida ba sa iya yi.