Ciwon da Amarya Ta Kasa Faɗa

Tana kicin tana wanke-wanke ta jiyo muryar surukarta daga falo, ko sassautawa ba a yi don ita ba.

"Shekara biyu ana kiran ta Amarya, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba! Kullum ido a kumbure kamar an yi mata mutuwa. Yarinyar nan ba ta ƙaunarka, Tela. Ka sallame ta kawai — na gama magana!"

Ba ta ƙaunarsa? Ita da take gane takunsa tun daga bakin get?

Matsalar, abin da ke cin ta ba ya faɗuwa. Duk sanda mijinta ya kusance ta, zafi take ji kamar ana yanka ta da reza. Da ya tambaya, kunya ta sa ta ce ciwon ciki ne. Bawan Allah ya yi ta jido maganin ulsa har kwalabe suka cika saman firij. Daga baya ya daina tambaya, ya daina matsowa kusa da ita.

Ranar da ta raka surukar asibiti awon hawan jini, wata nas ta tsaya gaban layin mata.

"Likitocinmu suna binciken maganin zafin da wasu mata ke ji wajen kwanciyar aure. Muna neman masu son shiga. Sirri ne, ba kuma dole. Ga ƙofa can."

Amarya ta ɗago kai. Ashe ciwo ne! Ashe ba ita kaɗai ba ce! Ta yunƙura za ta miƙe, sai surukar ta ja tsaki.

"Ji rashin kunya! Wace 'yar mutunci ce za ta shiga ƙofar nan?"

Amarya ta gyara zama kamar ƙafarta ce ta yi sanyi. Har suka bar asibitin ba macen da ta motsa.

Makonni ta yi tana kuka a ɓoye. Sai da ta ga surukar ta sa an sauko mata da akwatunanta daga saman sif, sannan ta zari mayafi ta nufi shagon mijinta. Yana kan keke yana ɗinki, bai ɗago ba.

"Yaya, ƙarya na yi maka. Ba ciwon ciki ba ne."

Ta faɗa masa komai, idonta a kan ƙyallayen da ke ƙasa. Keken ya tsaya.

"Innalillahi! Duk tsawon lokacin nan azabtar da ke nake yi? Ni kuwa na ɗauka ƙyamata kike!"

Ya rufe shago suka tafi asibitin tare. Nas ɗin ta girgiza kai.

"Ayya, sori 'yar'uwa, an rufe ɗauka tun makon jiya. Zan haɗa ki da likitar mata, amma layinta da tsawo, ba kuma zan yi miki alkawarin warkewa ba."

Amarya ta sulale a kan benci ta fashe da kuka. Ta yi haƙuri, gaskiya ne, amma haƙurin da aka yi da baki rufe ba ya kai mara lafiya gaban likita. Wannan darasin ya zo mata a makare.

Tela ya ciro waya ya kira mahaifiyarsa.

"Mama, ki yafe mini. Matata ba ta da lafiya, a mayar mata da akwatunanta. Ko ta warke ko ba ta warke ba, ba zan sake ta ba."